Kafin Ki Sa Hannu a Takardar Mutanen Abuja

Kafanchan,
Jihar Kaduna.



Ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida a nan Kachia. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan marigayi da rahama, ya raya abin da ya bari, ya ba ki ikon riƙon su. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Takardar da kika aiko da babban ɗanki ta iso, kuma na karanta ta daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke can ƙasan shafi. Kin ce in faɗa miki ra'ayina a waya. Na ga gara in rubuta, domin magana ce ta lissafi, shi kuwa lissafi ba ya zama a kai sai ido ya gan shi. Ku zauna ku karanta tare da yaron, tunda ya yi hankali kuma rabonsa na ciki.

Ra'ayina shi ne kada ki sa hannu. Ban ce mutanen nan na Abuja macuta ne ba, ba ni da hujjar faɗin haka. Abin da na gani shi ne hajarsu ta yi tsada ƙwarai, kuma mafi yawan abin da suke sayarwa kina iya samunsa da araha ta wata hanyar.

Mu bar abin da saurayin da suka turo ya faɗa miki da baki, mu kama abin da aka rubuta. Za su karɓi kuɗin gaba ɗaya, tumuninki da rabon yara, su juya shi yadda suka ga ya dace ba tare da sun shawarce ki ba. Ladansu kashi 2 cikin 100 ne na dukan dukiyar, kowace shekara. In riba ta haura wani mizani da su suka ajiye wa kansu, su ƙara ɗaukar kashi 20 cikin 100 na abin da ya haura. In kika nemi kuɗinki kafin shekara uku, akwai tara. Na duba ko akwai inda suka ce in aka faɗi za su ɗauki wani ɓangare na asarar, ko su yafe ladan shekarar. Babu.

Kin san yadda marigayi yake yi da dillalansa a kasuwar citta. Dillali yana cin la'adarsa ne sau ɗaya, ranar da aka yi ciniki buhu ya tashi. In ba a sayar ba, hannu rabbana zai koma gida. Su waɗannan suna so ne su riƙa shiga sito duk shekara suna ɗaukar buhu biyu daga kowane ɗari, an sayar ko ba a sayar ba, farashi ya hau ko ya faɗi. Da wani dillali ya zo wa marigayi da irin wannan sharaɗi, kin san amsar da zai samu.

Kashi 2 ba ya tsorata kunne. A naira miliyan 10, dubu 200 ne kacal a shekarar farko. Ɓarnar tana cikin tsawon lokaci. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, kasuwa tana bayar da kashi 15 cikin 100 duk shekara, ana mayar da ribar ciki, har shekara 20, wato lokacin da autarki za ta zama mace a ɗakinta in Allah ya so. In babu mai cire komai, miliyan 10 ɗin nan za ta zama miliyan 163 da ɗoriya. In ana cire rabin kashi ɗaya duk shekara, za ta tsaya a wajen miliyan 150. In kashi 2 ake cirewa, miliyan 115 za a tarar. Tsakanin mai araha da mai tsada ke nan akwai miliyan 35, ninki uku da rabi na uwar kuɗin da aka fara da ita, kuma ban ma sa kashi 20 ɗin nan na riba a lissafin ba. Dalili kuwa, duk nairar da aka cire bana ta tafi da 'ya'yan da za ta haifa baɗi da jikokinta na shekaru masu zuwa. Ki ba yaron na'urar lissafi ya gwada da kansa.

Ki ɗora wannan a kan abin da dukiyar take ɗauke da shi tun asali. A mazhabarmu ta Malikiyya dukiyar maraya ma ana fitar mata da zakka in ta kai nisabi shekara ta zagayo, kashi 2 da rabi cikin 100, shi ya sa malamai suke kwaɗaitar da a juya ta kada ta kwanta. Wannan haƙƙin Allah ne, da daɗin rai ake bayarwa. Amma ki lura, ladan kamfanin nan ya kusa kamo zakka, a shekarar riba ma yana iya wuce ta. Ga kuma tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ba mu da iko a kanta, abin da kasuwa za ta yi gobe ma Allah ne masani. Abu guda da ke hannunki tun yau shi ne nawa za ki yarda a riƙa cirewa.

Na san amsar da za su ba ki, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce ƙwararru ne, sun san kamfanin da zai tashi da wanda zai faɗi, don haka za su samo miki abin da ya fi na kasuwa, har ya biya ladansu ya yi saura. Duk maganar a nan ta tsaya. In za su iya, ladansu halal ne kuma ya yi araha. To, ana iyawa?

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, William Sharpe, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1990, ya yi wannan lissafi a wata 'yar gajeriyar maƙala a 1991, kuma ko ɗan firamare zai bi shi. Duk hannun jarin da ke kasuwa yana hannun wani. In aka haɗa ribar kowa da asarar kowa, abin da ya fito shi ne abin da kasuwar ta bayar, ba ƙari ba ragi. Waɗanda suka sayi ɗan kaɗan daga kowane kamfani suka zauna, su sun sami daidai na kasuwa. Saboda haka sauran, masu saye da sayarwa da zaɓe, in aka haɗa su wuri ɗaya su ma daidai na kasuwa suka samu, domin duk wanda ya ci a cikinsu wani ɗan'uwansa ne ya faɗi. Sai a zo cire lada. Na masu zama kaɗan ne, na masu zaɓe mai yawa ne. Ke nan a jimlace dole masu zaɓe su koma baya. Wannan lissafi bai san Legas ko Landan ba, duk inda kasuwa take yana aiki.

Hanyar masu zaman nan ita nake so ki gane sosai. Kowace kasuwar hannun jari tana da ma'auni, wato jerin kamfanoni da ake duba farashinsu a haɗe don a san ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Sai a kafa asusu wanda aikinsa kawai ya sayi dukan kamfanonin da ke jerin, kowane gwargwadon girmansa. Ba ya hasashe, ba ya zaɓe, don haka ba ya buƙatar tarin ma'aikata masu manyan albashi, shi ya sa ladansa ƙanƙane ne. Wani mutum mai suna John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a 1975, shi ya fara buɗe wa talakawan Amurka irin wannan asusu a 1976. Ya sa ran tara dala miliyan 150, bai samu ba sai miliyan 11 da 'yan kai, aka yi ta yi masa dariya. Yau irin asusun da ke bin manyan kamfanonin Amurka 500, wanda ake kira S&P 500, akwai mai karɓar dala 3 ko 4 kacal a shekara a kan kowace dala 10,000. A ƙa'idar takardar da ke hannunki, dala 200 za a cire.

An ma gwada abin a bainar jama'a. Attajirin nan Warren Buffett ya ƙalubalanci manyan masu juya dukiya, wani kamfani mai suna Protégé Partners ya amsa, aka sa dala miliyan 1 da za ta tafi ga aikin jinƙai. Su suka zaɓi asusu biyar na ƙwararrun ƙwararru, shi ya ɗauki asusun bin ma'auni mai araha. Aka fara a farkon 2008, shekarar da kasuwar Amurka ta zube da kashi 37 cikin 100, aka rufe a ƙarshen 2017. Nasa ya ƙaru da kashi 125.8 cikin 100. Nasu a matsakaici wajen kashi 36, kuma ko ɗaya cikin biyar ɗin bai kamo shi ba. Ba don mutanen ba su da ilimi ba ne, ladansu ne ya cinye su. Kamfanin S&P kuma tun 2002 yake ƙidayar wannan abu, sakamakon bai cika sauyawa ba: in aka duba shekara 15, kusan tara cikin goma na asusun da ƙwararru ke juya manyan hannayen jarin Amurka suna bayan ma'auni. Ɗayan da ya tsira kuma ba a san shi sai bayan an gama, kuma gwanin wannan zango sau da yawa ba shi ne gwanin zango na gaba ba.

Amma zan cuce ki in na tsaya a nan, domin kasuwarmu ba ta Amurka ba ce, kuma mun ga abin da ta yi wa mutane da idonmu.

Kin tuna shekarun 2004 da 2005, lokacin da Charles Soludo yana gwamnan Babban Banki, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Daga nan har 2007 tallan hannun jari ake yi a rediyo da talabijin. A nan Kafanchan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan fansho na jirgin ƙasa, har manoman citta daga Kwoi da Kagoro da Zonkwa, kowa cike fom yake yi, wasu ma da bashi suka saya. Ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, wanda aka fara da lamba 100 a 1984, ya haura 66,000 a Maris ɗin 2008. Ƙarshen 2009 yana ƙasa da 21,000. A Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, a 2011 kuma gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jari a cikinsu suka tashi da takarda kawai. Ma'aunin bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai a Agustan 2023. Shekara 15 ke nan. Kuma a farkon 2008 dala tana wajen naira 118, a Agustan 2023 tana wajen 770.

Duk wanda ya ce miki hannun jari ba ya faɗuwa, ki ba shi wannan tarihi. Amma ki duba wa ya fi shan wuya. Wanda ya zuba komai a banki ɗaya da aka ce masa shi ne gwani, in bankin na cikin waɗanda suka nutse, ya rasa duka. Wanda dukiyarsa ta bazu a kamfanoni da yawa ya ji jiki, amma bai mutu ba, yana karɓar rabon riba daga masu rai, kuma sababbi suna shigowa: Dangote Cement a 2010, MTN da Airtel a 2019, BUA Cement a 2020. Ƙwararrun fa? Ba su tsira ba. Da yawa daga dillalan hannun jari da masu juya dukiya su ne kan gaba wajen cin bashin banki suna saye, har sai da aka kafa hukumar AMCON a 2010 ta kwashi irin waɗannan basussuka. Ranar da ake buƙatar hangen nesansu, su ma ruwan ya ci su.

Mu da muka tashi a garin nan ya kamata mu fi kowa sanin cewa babba ba ya dawwama. Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927, kuma a zamanin su Baba wa zai ce wata rana tashar za ta yi tsit haka? Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta ciyar da dubban gidaje, ta rufe a 2002. Ba mai iya zaɓa wa marayu kamfanin da zai rayu shekara 20. Amfanin bin ma'auni ke nan: wanda ya tsufa ya ƙanƙance yana fita daga jerin, wanda ya taso yana shiga, ba sai kin san sunansa tun yau ba.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe don ranar da saurayin zai dawo da jadawalinsa mai launi. Ma'aunin kasuwarmu ya hau da kashi 50 cikin 100 a 2020, wajen 46 a 2023, wajen 38 a 2024, har ya haye 100,000 a Janairun 2024. In ya nuna miki cewa sun ci wa mutanensu kashi 30 a 2024, kada adadin ya burge ki. A shekarar nan kasuwar da kanta ta ba da fiye da haka ba da wayon kowa ba, kuma tsadar kaya ta fi kashi 30 ɗin. Riba ba ta da ma'ana sai an ajiye ta kusa da abin da za a samu in ba a biya kowa ba.

Yanzu aibin hanyar da nake yabawa, a ƙasarmu. Kamfanoni ƙalilan ne suka danne ma'aunin, na siminti da na sadarwa da manyan bankuna, don haka bazuwar ba ta kai yadda ake so ba. Asusun bin ma'auni da ake saye da sayarwa a kasuwar Legas ma kaɗan ne. Akwai Vetiva Griffin 30 da Stanbic IBTC ETF 30, duka na 2014, masu bin manyan kamfanoni 30. Cinikinsu ba shi da yawa, wata rana mai saye ya yi wuya, wata rana kuma farashin ya yi nisa da ainihin darajar abin da ke cikin asusun, ta sama ko ta ƙasa. Saboda haka ba a saye da ka, sai an tambayi dillali darajar ta ranar an gwada da farashin. Ladan kularsu yawanci bai kai kashi 1 ba, amma a nemi jimillar abin da ake cirewa, domin akwai na amintattu da na ma'aji da na masu binciken lissafi. A irin wannan ƙaramar kasuwa ban musa ba wani gwani yana iya wuce ma'auni na wasu shekaru. Matsalar ita ce ke za ki biya ladan tabbas a kan ribar wataƙila, da kuɗin marayu.

Sannan jerin 30 ɗin nan akwai bankunan kuɗin ruwa da kamfanin giya a ciki, na san kuma ba za ki so ko ƙwandala daga nan ta shiga cikin yaranki ba. Don irinmu aka fito da ma'aunin Musulunci na Lotus a 2012, aka kafa asusun da ke bin sa, Lotus Halal Equity ETF, a 2014. Kamfanonin cikinsa ba su kai 20 ba, wato ya fi wancan ƙunci, wannan kuwa dalili ne na kada a zuba komai a ciki. Ba talla nake wa kowa ba, sunayen abin da ke akwai nake ba ki don ki san abin tambaya.

Abin da ya fi kwanta mini a rai ga mafi yawan kuɗin shi ne sukuk na Gwamnatin Tarayya. Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da na farko a Satumbar 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, ana biyan haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, rabi duk wata shida, aka yi aikin hanyoyi da kuɗin. Wanda aka fitar a Mayun 2025 na biliyan 300 ne a kan kashi 19.75. Da naira 10,000 ma ana shiga, ta banki ko ta dillali, kuma babu wani mai cire miki ladan kula duk shekara. Shi ma ba tsira ba ne daga tsadar kaya, a shekara irin 2024 hayar ba ta kamo farashi ba. Amma kin san abin da zai shigo da ranar da zai shigo, mai biyan kuɗin makaranta kuwa abin da take buƙata ke nan. Ina da yaƙinin in kika ba mutanen Abuja kuɗin, babban kaso a irin waɗannan takardun gwamnati za su sa shi, sannan su cire kashi 2 a kan abin da za ki iya yi da fom ɗaya.

Ga yadda nake gani, in Allah ya yarda. Da farko a raba tumuninki daban, rabon kowane yaro daban, a rubuce, da shaidu, kada a cakuɗa. Kuɗin makaranta da na asibiti da na cefane na shekara uku masu zuwa kada su kusanci hannun jari ko kaɗan, a ajiye su inda za a iya ɗauka da wuri, a asusun da ba na kuɗin ruwa ba. Kaso mafi girma ya tafi sukuk. Abin da aka tabbata ba za a taɓa ba sai bayan shekara goma, musamman rabon ƙananan, shi ne zai shiga asusun bin ma'auni na halal, kuma ba a rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan cikin watanni, ta hannun dillali mai rajista, a sunanku a rumbun CSCS inda ake ajiye hannayen jari, ba a sunan wani kamfani ba. La'adar dillali sau ɗaya ce wajen saye, sau ɗaya wajen sayarwa. Daga nan sai haƙuri. In kasuwa ta faɗi, kuma za ta faɗi wata rana, ba a sayarwa. Yadda za a fitar da zakkar kowane kaso kuma a tambayi malami.

Gidan kada a sayar. Maganar 'yan'uwan marigayi ta a mayar da kuɗin duka cikin citta kuwa, na san da kyakkyawar niyya suke yi, amma ki tuna musu 2023, lokacin da cutar nan ta bi gonakin Kachia da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, mutane suka haƙa suka tarar da ruɓa. In suna so a ci gaba da sana'ar gidan, a ware ɗan abin da in ya tafi ba zai hana yaro zuwa makaranta ba, kuma daga naki kason, in kin ga dama.

Kada ki ɗauka ina cewa shawarar masani ba ta da daraja. Akwai aikin da lalle sai da su. Tsofaffin takardun hannun jarin marigayi suna buƙatar izinin kotu kafin a mayar da su sunan magada, ga bin magatakardan kamfanoni, ga rabon ribar da bai karɓa ba. A 2023 Hukumar Kula da Hannayen Jari, SEC, ta ce irin wannan riba da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190, kuma ba na shakka da yawa na mamata ne da iyalansu ba su san da su ba. Wannan aiki ne na lauya da dillali, a yi ciniki da su, a biya sau ɗaya, a gama. Haka tsara yadda za a kasa dukiyar, ana iya biyan masani ladan zama ɗaya, in shekara ta zagayo a sake komawa in da buƙata. Babban abin da kamfani irin wannan yake yi wa mutum, in na kirki ne, shi ne ya riƙe hannunsa ranar firgici kada ya sayar a faɗuwa, ya kuma tsaya tsakaninsa da masu zuwa rance. Wannan amfani ne na gaske, mai dukiya mai rassa da ba shi da kowa yana iya biyan sa. Ke kina da ni, kina da ɗa mai hankali, kuma naki lissafin bai kai wannan sarƙaƙiya ba.

In duk da haka zuciyarki tana son ki ji ta bakinsu, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su kawo a rubuce abin da mutanensu suka samu shekara-shekara, aƙalla biyar, bayan an cire kowane irin lada, a jere da abin da ma'aunin kasuwa da sukuk suka bayar a waɗannan shekarun. Su rubuta jimillar abin da za a cire a naira, ba a kashi ba. Su faɗi wa zai riƙe dukiyar, su ne ko wani ma'aji daban mai zaman kansa, kuma a sunan wa. Su faɗi ko suna samun kamasho daga abin da suke saya miki, da ko asusun kamfaninsu za su zuba kuɗin a ciki su ci lada biyu. Su nuna waɗanne malamai ne suke duba musu halaccin abin da suke saye. Yaron kuma ya shiga shafin SEC a intanet ya ga ko sunansu na cikin masu rajistar juya dukiya. Rajista ba alkawarin riba ba ce, amma rashinta ya isa a rufe magana. Kin ga abin da MMM ya yi wa mutane a ƙarshen 2016, da CBEX a Afrilun 2025. Duk wanda ya yi miki alkawarin riba mai yawa tabbatacciya kowane wata, ko da wa ya zo, ki sallame shi daga zaure.

Na san abin da ya fi damun ki ba lissafin ba ne. Saurayin ɗan aminin marigayi ne, ya zo gaisuwa, ya yi ɗawainiya ranar sadakar bakwai, kina jin nauyin mahaifinsa. Ina ganin girman wannan. Shi ma neman halalinsa yake yi, kuma mai yiwuwa ya yarda da abin da yake faɗa har zuciya. Amma kara da kuɗinka ake yin ta, ba a yin ta da dukiyar maraya, kuma ke za a tambaya gobe kiyama, ba shi ba. Ki jingina abin da ni. Ki ce Yaya ya ce a dakata, duk mai magana ya same shi a Kafanchan. Ni zan yi wa mahaifinsa bayani da mutunci, zumunci ba zai taɓu ba in sha Allahu.

Ki tattara mini duk wata takarda ta marigayi mai tambarin kamfani ko banki, ko ta yi shekara 20, kada a jefar da ko ɗaya. Bayan sallar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shigo Kachia mu zauna da ke da yaron mu kasa komai a takarda. Kafin nan kada ki sa hannu, kada ki tura ko kwabo, ko da sun ce garaɓasar za ta wuce.

Uwargidana tana gaishe ki ƙwarai, yara ma haka. Ki gaida su Inna, ki shafa mini kan auta. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a abin da aka bari.

Wassalam.

Yayanki.